Yadda na samu inshorar aiki a Ingila bayan an rubuta ni cikin masu karayar arziki

Ranar da takardar hukuncin karayar arzikina ta iso, inshora ba ta ma zo mini a rai ba. Abin da ke damuna shi ne motar aiki, ko za a bar mini ita, da asusun bankin da aka toshe, da yadda zan dubi idon uwar 'ya'yana in yi mata bayani. Sai da aka yi mako uku, wani ejan ɗin gidajen haya da na daɗe ina yi wa fenti ya aiko mini da saƙo. Gidaje biyu ne 'yan haya suka tashi, yana so a gyara su kafin ƙarshen wata, amma in turo masa sabuwar takardar shaidar inshora, domin wadda ke hannunsa ta kusa cika. Na zauna a kicin da waya a hannu, ina ganin aikin minti goma ne kamar yadda na saba duk shekara. Kwana 11 na yi kafin in samu.

Ni mai fenti ne da manna takardar bango a Manchester. Ni kaɗai nake aiki, ban yi rajistar kamfani ba, sunana shi ne sana'ar. Abin da ya kayar da ni ba sabon labari ba ne a harkar gini: na yi wa wani ɗan kwangila aikin wata biyar, kamfaninsa ya rushe da kuɗina a ciki, ga harajin shekara biyu ban biya ba, ga bashin kayan fenti, ga katin bashi da na riƙa cike giɓi da shi. Da na ga ba mafita, na yi shawara da Business Debtline, masu ba masu sana'ar kansu shawara kyauta kan bashi, na cike takardar neman a ayyana ni a matsayin wanda ya karye ta intanet, na biya fam 680. Tun daga Afrilun 2016 wanda ya nemi hakan da kansa ba ya zuwa kotu, wani jami'i ne a Insolvency Service, hukumar gwamnati mai kula da karayar arziki, ke duba takardar ya yanke hukunci.

Duk abin da zan faɗa a nan tsarin Ingila da Wales ne. Wanda ke Scotland nasa tsarin daban ne, da sunaye daban da ofis daban, ko da yake tambayoyin kamfanonin inshora kusan iri ɗaya ne. Kuma maganar ba ta tsaya ga cikakkiyar karayar arziki kaɗai ba. Ta shafi wanda ke cikin IVA, wato yarjejeniyar biyan masu bin bashi kaɗan-kaɗan, yawanci shekara 5 ko 6, da wanda ke cikin DRO, wato sassaucin wata 12 da ake yi wa mai ƙaramin ƙarfi wanda bashinsa bai wuce fam 50,000 ba.

Inshorar da nake nufi ita ce wadda mu 'yan aikin hannu ke kira fablik layabiliti. Ni ina kiranta inshorar alhakin jama'a. Ita ce ke biya idan aikinka ya ji wa wani rauni ko ya ɓata masa dukiya: tsaninka ya zame ya fasa gilashin motar maƙwabci, bokitin fenti ya kife a kan kafet, tsohuwa ta yi tuntuɓe da wayar wutar da ka ja a bakin ƙofa. Tana biyan diyya, tana biyan lauyoyi. Doka ba ta tilasta wa mai fenti ko mai aikin famfo ko mai yankan ciyawa ya yi ta ba. Kasuwa ce ke tilastawa. Ejan ba zai ba ka makulli ba sai ya ga takardar, ɗan kwangila ba zai bari ka shiga fili ba, kuma ƙaramar hukuma takan nemi inshorar da ta kai fam miliyan 5 ko ma 10, alhali ƙananan ayyukan cikin gida miliyan 1 ko 2 kan wadatar.

Wani abokina ya ce mini, "To kai da aka riga aka ce ba ka da komai, me za a ƙwace maka? Yi aikinka kawai." Wannan ita ce shawara mafi muni da aka ba ni a wannan shekarar. Hukuncin karayar arziki yana share basussukan da ke kanka kafin ranar hukuncin ne kawai. Duk abin da ya hau kanka daga washegari naka ne, kai za ka biya, ba ya shiga cikin wanda za a yafe. Sannan Dokar Karayar Arziki ta 1986 ta keɓe diyyar raunin da aka ji wa mutum a jikinsa saboda sakaci: ko da ta riga hukuncin, sallamar da ake yi maka, wato fitar da kai daga karayar idan wa'adinta ya cika, ba ta share ta sai in kotu ta ce a share. Wato mutumin da ya fito daga rami da ƙyar, tsautsayin rana ɗaya na iya mayar da shi ramin da ya fi na farko zurfi. Ni a ganina wanda ya karye ya fi mai kuɗi bukatar wannan inshora.

Fara da tsohuwar takardarka

Kafin ka nemi sabuwa, ɗauko wadda kake da ita ka karanta sharuɗɗan gaba ɗaya, waɗanda ke can ƙarshen littafin da ba mai buɗewa. Wasu kamfanoni sun rubuta cewa inshorar ta mutu daga ranar da aka ayyana ka a matsayin wanda ya karye, wasu kuma sun ce dole ka sanar da su duk wani babban canji. Tawa tana cikin kashi na farko. Ashe makonni ukun nan da nake hawa tsani ina fenti da takarda a aljihu, babu abin da ke kare ni. Allah ne kawai ya tsare. Kira su, ka faɗa musu, ka ce su ba ka amsa a rubuce. Idan sun ce za su ci gaba da kai har ƙarshen shekara, ka adana wannan imel ɗin kamar takardar fili.

Ɗan akwatin da ke kayar da mutane

Na shiga shafukan kwatanta farashi kamar kullum. Sana'a, lambar unguwa, yawan kuɗin da ke shigowa a shekara, komai na tafiya. Sai can kusa da ƙarshe, kafin a nuna farashi, ga wani shafi mai jerin maganganu da aka riga aka rubuta a madadinka, an ce ka danna ka amince duk gaskiya ne. A cikinsu akwai wadda a da nake wucewa ba na ko kallo: cewa kai ko abokin kasuwancinka ba a taɓa ayyana ku cikin masu karayar arziki ba, ba ku taɓa shiga yarjejeniya da masu bin bashi ba, kotun ƙaramar shari'a ba ta taɓa yanke muku hukuncin bashi ba. In ka ce ba ka amince ba, sai shafin ya ba ka haƙuri, ya ce ba zai iya ba ka farashi ba. Na gwada wurare huɗu a dare ɗaya, duk amsa ɗaya.

A nan ne zuciya ke fara raɗa. Farashin yana nan a bayan ɗan akwatin, fam ɗari da 'yan kai, ejan yana jira, haya na jira. Danna kawai, wa zai sani? Ba zan ɓoye ba, sai da na ɗora yatsa a kai. Mu an rene mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma karayar arziki ba abin da mutum ke fita da shi kasuwa ba ne. Har yau akwai 'yan'uwana na jini da ba su san abin da ya same ni ba.

Amma da kamfanin inshora babu rufin asiri, domin asirin a buɗe yake tun ranar farko. Sunanka da unguwarka suna cikin rajistar masu karayar arziki da gwamnati ke ajiyewa a intanet, kowa na iya bincikawa kyauta. An kuma buga sanarwar a Gazet, jaridar sanarwar gwamnati, kuma abin da ya shiga Gazet ba ya fita. Lokacin da kake biyan kuɗi ba lallai su duba ba. Ranar da ka zo neman diyyar fam 40,000 za su duba, kuma minti biyu ya ishe su.

Ga abin da doka ta ce, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Idan inshorar gidanka ko motar iyali kake saye, dokar 2012 ta masu saye don amfanin kansu ce ke aiki, kuma abin da ta ɗora maka shi ne ka kula ka amsa abin da aka tambaye ka daidai. Inshorar sana'a kuwa tana ƙarƙashin Dokar Inshora ta 2015, wadda ta fara aiki ranar 12 ga Agusta 2016, ko da kai kaɗai ne da tsani da buroshi. Ita wannan nauyinta ya fi. Ta ce kai ne za ka gabatar da duk wani abu da ka sani, ko ya kamata ka sani, wanda zai iya shafar shawarar kamfani kan ko ya karɓe ka da kuma nawa zai caje ka. Ba sai an tambaya ba. Don haka ko ka yi sa'a ka samu shafin da bai yi maganar karayar arziki ba, kada ka ɗauka ka tsira, musamman in har yanzu ba a sallame ka ba.

Hukuncin ɓoyewa hawa-hawa ne. Idan da gangan ka ɓoye, ko ka nuna halin ko-in-kula, kamfani na da ikon soke inshorar tun daga tushe kamar ba a taɓa yi ba, ya ƙi biyan ko kwabo, kuma ya riƙe kuɗin da ka biya. Idan kuskure ne na gaskiya, sai a duba abin da kamfanin zai yi da ya sani tun farko. In da ba zai karɓe ka ba sam, zai soke ya mayar maka da kuɗinka, diyya kuwa babu. In da zai karɓe ka amma da tsada, sai ya rage diyyar daidai gwargwado: ka biya fam 150 alhali da ya sani fam 300 zai karɓa, to rabin diyyar zai biya, rabin na wuyanka. Wanda kuwa ya karanta layin nan ya danna "na amince" yana sane, da wuya ya gamsar da kowa cewa kuskure ne.

Akwai kuma tabon da ke biyo baya. A cikin jerin nan akwai wata tambaya: an taɓa soke maka inshora, ko an ƙi sabunta maka? Karayar arziki tana tsufa, wasu kamfanoni na daina tambaya bayan 'yan shekaru. Sokewa kuwa sau da yawa da kalmar "taɓa" ake tambayarta, kuma tana bin ka har wajen inshorar mota da ta gida.

Abin da ya ƙarasa hana ni dannawa wani abu ne daban. Akwai dokar 2010 da ta fara aiki ranar 1 ga Agusta 2016, wadda ta ba wanda aka ji wa rauni damar bin kamfanin inshora kai tsaye idan mai laifin ya karye. Sai dai kamfanin na iya kare kansa da duk hujjar da zai kare kansa da ita a gabanka. Wato in na yi ƙarya, tsohuwar da ta karye a ƙugu saboda wayata ita ma ta rasa. Haƙƙin mutum ke nan, kuma na riga na ɗauki na masu bin bashi da yawa.

Me ya sa ma suke tambaya? Dillalin inshorar da na samu daga baya ya ce masu auna haɗari, wato ma'aikatan kamfani da ke yanke ko a karɓe ka, na ganin wanda kuɗi suka matse zai iya gaggawar aiki, ya rage kayan kariya, ya kasa biyan kasonsa in abu ya faru, ko ya ƙirƙiro asarar ƙarya. Ni ban gamsu ba. A wannan inshorar ba ni ake ba kuɗin ba, wanda na yi wa ɓarna ake ba, kuma hannuna bai fara rawa da buroshi don wani ya gudu da kuɗina ba. Amma ba ra'ayina aka tambaya ba.

Ka bar na'ura, ka nemi mutum

Shafukan nan an gina su ne don mutanen da labarinsu ba shi da kwana. Kai yanzu labarinka na da kwana, sai ka nemi dillalin inshora, mutum mai kunne, wanda zai iya ɗaukar waya ya kira mai auna haɗari a kamfani ya ce masa, "Ga wani mai fenti, shekara 12 ba a taɓa neman diyya a kansa ba, ɗan kwangila ne ya rushe da shi." Wasu dillalan na da hanyar shiga kasuwar inshora ta Lloyd's da ke Landan da ƙananan kamfanonin da sana'arsu ke nan, karɓar waɗanda manya suka tsallake.

Ƙungiyar dillalan inshora ta Birtaniya, BIBA, tana da sashen da ke haɗa mutum da dillalin da ya dace da matsalarsa, ta waya ko ta shafinsu. Nan na fara. Suka ba ni sunaye, na ƙara da wani ƙaramin ofis da ke kan titin unguwarmu wanda na shekara ina wucewa ban taɓa leƙawa ba.

Kuskuren da na yi a kiran farko shi ne na bar maganar sai ƙarshe. Muka yi minti 25 ana tambaya ina amsawa, sai da aka zo wajen, matar ta ce ai da na faɗa tun farko da ba mu ɓata wa juna lokaci ba. Daga nan na canza. Ina gama sallama sai in ce: ni mai fenti ne, ni kaɗai, an ayyana ni cikin masu karayar arziki a wata kaza, ba a sallame ni ba tukuna, kuna da kamfanin da ke duba irina? Wanda ba shi da shi zai faɗa maka cikin minti ɗaya. Daga cikin bakwai da na kira, huɗu sun ce a'a nan take, ɗaya ya ce zai kira bai kira ba, biyu suka karɓi bayanina.

Ka shirya takarda ɗaya kafin ka fara kira, kada ka riƙa laluben amsa a waya. A tawa na rubuta ranar hukunci da lambar fayil, da ranar da ake sa ran sallama, da dalilin karayar a layi uku ba tare da kuka ko zagin kowa ba, da shekarun da na yi a sana'a, da kuɗin da nake sa ran shigowa a shekara, da irin gidajen da nake aiki a ciki, da iyakar tsayin da nake hawa, da cewa ba ni da yaro. Na nemi tsohon kamfanina ya ba ni shaidar cewa ba a taɓa neman diyya a kaina ba. Wannan shaidar ta fi duk wani daɗin baki aiki. Na kuma faɗa wa dillalin cewa shafuka huɗu sun kasa ba ni farashi, na tambaye shi ko wannan na shiga cikin "an taɓa ƙin karɓarka", ya ce a wajen kamfanin da zai kai ni ba ya shiga, na ce ya rubuto mini hakan. Ya rubuto.

Wanda ke cikin IVA ya karanta kalmomin tambayar da kyau. Wani kamfanin karayar arziki kaɗai ya ambata, wani ya haɗa da kowace irin yarjejeniya da masu bin bashi. Kada ka zama lauyan kanka ka ce ai ba sunan nawa aka kira ba. Faɗa wa dillali, shi ya kai gaba.

Wata magana da dole in yi, don na ga ta cinye mutanenmu. Idan ka fara cigiya a rukunonin WhatsApp da Facebook, wani zai turo maka lambar "wani ɗan'uwa" da ke haɗa inshora da araha ba tare da tambaya ba. Wasunsu takardar bogi suke bugawa, wasu suna saye da bayanan ƙarya da sunanka, wasu suna saye su turo maka shaida sannan su soke su karɓe kuɗin. Duk dillalin gaskiya yana cikin rajistar hukumar FCA mai kula da harkokin kuɗi. Bincika sunan kamfanin a can, ka kira lambar da ke cikin rajistar, ba wadda aka turo maka ba. Idan takarda ta zo, kira kamfanin inshorar da kansa ka karanta musu lambar takardar su tabbatar.

Maganar biya

Farashin da na samu fam 268 ne a shekara, na inshorar miliyan 2, har da harajin inshora na kashi 12 cikin 100 da ladan dillali. A da ina biyan abin da bai kai fam 150 ba. Ya yi mini ciwo, amma bai kai abin da na ji tsoro ba. Ka tambayi ladan dillalin daban, da abin da za su caje ka in ka canza wani abu a tsakiyar shekara.

Biya wata-wata shi ne tarko na biyu. Yawanci ba kamfanin inshora ne ke yi maka sauƙi ba, wani kamfanin ba da lamuni ne ke biya a dunƙule, kai kuma ka riƙa biyansa da kuɗin ruwa. Wato bashi ne, za a duba tarihinka, kuma mai yiwuwa a ƙi. Sannan wanda ba a sallame shi ba laifi ne a doka ya karɓi bashin fam 500 ko fiye ba tare da ya faɗa wa mai ba da bashin halin da yake ciki ba. Mai IVA shi ma yawanci sai ya nemi izinin mai kula da yarjejeniyarsa kafin ya haura wannan adadin. Ko an ba ka, in ka tsallake wata ɗaya za a iya soke inshorar, ka koma gidan jiya da sabon tabo. Ni na biya a dunƙule. Ƙanin matata ne ya ba ni kuɗin, kuma ya san komai. Ga wanda kuɗin ruwa ke damunsa ta fuskar addini, kamar ni, biya a dunƙule ya raba gardamar wannan ɓangaren.

Tun da an zo kan fam 500, ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: kuɗin kafin alƙalami da abokin ciniki ya ba ka kafin aiki, doka na lissafa shi a matsayin bashi. In za ka karɓi fam 500 ko fiye don sayen kaya, sai ka faɗa masa. Ni sai na koma cewa masu gida su sayi fentin da kansu, in ba su jerin abin da ake bukata.

Ka adana rasit ɗin inshorar, ka sa shi cikin kuɗaɗen gudanar da sana'a da kake nuna wa jami'in gwamnatin da aka damƙa wa fayil ɗinka. Shi ne ke lissafin ko akwai rarar da za ka riƙa biya duk wata, abin da kan iya kai shekara 3, kuma sai an cire kuɗin gudanar da sana'a kafin a san abin da kake samu. Shi ne kuma ya bar mini tsani da kayan aiki da tsohuwar motata, domin doka ta keɓe kayan da mutum ke bukata don neman abincinsa.

Idan takardu sun iso

Kada ka tura wa ejan satifiket ka jefar da sauran. A cikin takardun akwai wadda ke jera bayanan da aka ce kai ka bayar. Nemi layin karayar arziki. A tawa ta farko, duk da na faɗa da bakina sau biyu, layin ya fito yana cewa ban taɓa ba, domin haka na'urarsu ke bugawa in ba a gyara ba. Na mayar, aka gyara, aka rubuta ranar hukuncin a jiki. Da ban duba ba, da ƙaryar da na guje wa ta shigo ta taga da sa hannuna a ƙasa. Abin da aka faɗa a waya iska ne, abin da ke kan takarda shi ake ɗaukowa ranar rigima.

Sauran abin dubawa na kowa da kowa ne, amma mai neman mafaka yakan karɓi duk abin da aka miƙo masa bai karanta ba. An ƙayyade mini tsayin da zan hau, don haka gidaje masu hawa uku na bar wa wasu. An cire aikin zafi, wato ba ni ba na'urar hura zafi da ake ɓare tsohon fenti da ita. Kason da zan fara biya daga aljihuna in abu ya faru fam 250 ne. Kuma inshorar ba ta biyan gyaran aikin da na yi ba daidai ba, ba ta biyan kayan aikina in an sace, waɗannan kowanne da tasa. Dubi yadda aka rubuta sana'arka: in an ce fenti kawai, kai kuma kana taɓa filasta ko ɗan gyaran famfo, a ƙara. Dubi suna kuma. Wanda ba a sallame shi ba, in zai yi kasuwanci da wani suna daban, dole ya faɗa wa mutane sunan da aka yi masa hukunci da shi. Ni na sauƙaƙa wa kaina, na sa sunana na yanka a kan komai.

Ranar da ka ɗauki yaro, ko na kwana biyu ne, ko ɗan yayanka ne da ya zo hutu, lissafi ya canza. Inshorar ma'aikata ita dole ce a ƙarƙashin dokar 1969, aƙalla ta fam miliyan 5, kuma tarar rashinta na iya kai fam 2,500 a kowace rana. Akwai sassauci ga sana'ar iyali ta kusa-kusa, amma kada ka yanke wa kanka hukunci, tambayi dillali kafin yaron ya taɓa buroshi.

Sai dabarar da kowa zai kawo maka: a buɗe kamfani da sunan madam, a yi inshora da sunanta, kai ka ci gaba da aiki. Kada ka soma. Wanda ba a sallame shi ba haramun ne a doka ya zama daraktan kamfani ko ya sa hannu a tafiyar da shi, ko a fili ko ta bayan labule, sai da izinin kotu. Hukuma na iya tsawaita takunkumin da ke kanka daga shekara 2 har zuwa 15. Kuma ka jawo baiwar Allah cikin ƙaryar da za ta ɓata nata sunan a wajen masu inshora.

Idan duk ƙofofi sun rufe na ɗan lokaci, akwai mafaka biyu. Kana iya aiki a ƙarƙashin wani ɗan kwangila a matsayin mai sayar da ƙarfinsa kawai, da kayansa da umarninsa, in inshorarsa ta rufe irinka. Ka ce ya nuna maka a rubuce, kada ka yarda da "ai kana ciki". Sannan wasu ƙungiyoyin sana'a na haɗa inshorar alhaki cikin kuɗin zama mamba, kamar NMTF ta masu kasa kaya a kasuwanni. Wanda ke sayar da suya ko tufafi a kasuwar mako ya duba can, amma ya karanta sharuɗɗansu kan karayar arziki kamar yadda zai karanta na kowa.

In kuwa ka yi komai daidai, rana ta ɓaci, kamfani ya ƙi biya, ka rubuta musu ƙorafi. Suna da mako 8 su ba ka amsar ƙarshe. Daga ranar amsar kana da wata 6 ka kai ƙara hukumar Financial Ombudsman Service, wadda ke sauraron ƙananan 'yan kasuwa kyauta.

Bayan sallama

An sallame ni bayan wata 12 cif. Sallamar da kanta take zuwa, ba wanda zai aiko maka da goron albishir, don haka na nemi wasiƙar tabbatarwa daga ofishin jami'in da ke riƙe da fayil ɗina na ajiye. Bayan wata 3 sunana ya fita daga rajista. A tarihin bashi kuwa yana nan har shekara 6 daga ranar hukunci. Mutane na ɗauka cewa in waɗannan sun wuce shi ke nan an goge. Ba a goge ba. Karayar arziki ba laifin kotun hukunta masu laifi ba ce, don haka dokar 1974 da ke ba tsohon mai laifi damar daina ambaton wasu laifuffuka bayan wani lokaci ba ta shafe ta ba. In an ce "cikin shekara 5 da suka wuce", ka ƙirga ka amsa, ka kuma tambaya daga ranar hukunci ake ƙirgawa ko daga ranar sallama. In an ce "ka taɓa", amsar e ce ko bayan shekara 20.

A wata na takwas da sabuwar inshorar, ina fentin bangon waje a wani gida, iska ta ture tsanina ya faɗa kan ɗakin gilashin maƙwabci, ya fasa faifai biyu na rufin. Na kira dillalin hannuna na rawa. Kamfanin ya aiko da takardar tambayoyi, kuma ta uku a jerin ita ce ko akwai wani abu game da halin kuɗina da ban bayyana ba lokacin saye. Na rubuta musu lambar shafin da ranar hukuncin take a cikin takardarsu. Bayan mako biyar suka biya maƙwabcin, ni na biya fam 250 ɗina.

Sabuntawar bana ta zo a fam 214. Dillalin ya ce in na cika shekara 5 zai iya gwada ni a wasu kamfanoni biyu da yanzu ba sa duba takardata. Na rubuta watan a bangon littafin rasit.